Sudaddun Tayoyi a Gulbin Tungar Labbo

Litinin, 7 ga Maris 1977, bayan la'asar

Yau na sa wa Gimbiya sababbin tayoyi huɗu masu haƙora kamar na kada. Gimbiya ita ce Landirobata, wadda 'yan tashar Gusau ke kira Akwala don baƙin ciki. Na fito da ita daga rumfar Lawali mai faci na zaga tasha sau biyu, ba don ina da wurin zuwa ba, don dai masu ido su gani. Lawali ya ɗura musu iska har in ka ƙwanƙwasa sai su amsa kamar kalangu. Ya ce, "Ɗanlami, wagga ko dutsen Kwatarkwashi kac ce ta hau, hawa takai." Na ce ni ba dutse ne a gabana ba, yashi ne.

Saude, mai ɗakina, tana gidansu a Tungar Labbo, hayin gulbi, bayan Bungudu. Surukata Inno ta zo ta tafi da ita watan jiya. Yayata Halima ce ke faɗin sunan abin, wai goyon ciki. Ni ban faɗa ba, kuma namiji mai kunya ba ya faɗa.

Sista ta asibiti ta gaya mana tun farko, ranar da abin ya taso kada a jira, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a kawo ta. Bara waccan a kan ƙyauren ƙofa aka ɗauko Saude aka ratso yashin nan da ita, domin babu motar da ke shiga. An iso a makare. Mun koma gida da ita, ita kaɗai.

Ba ni da bakin yi wa Inno magana, ita ma ba ta da na yi mini, haka surukuta take. Sai na aiki Halima. Ga amsar da ta kawo, ba ragi: "Ba ni ƙara aza ɗiyata bisa ƙyaure. In motatai ta iya zowa har ƙohwar gidanga, shi ɗauke ta. In ba ta iyawa, nan za ta zamna inda uwaye sunka zamna."

To, ƙofar gida aka ce. Da waɗannan haƙoran, har tsakar gida ma.

Laraba, 9 ga Maris, bayan isha'i

Ban kai ko tsakiyar gulbi ba.

Yashin ya kai faɗin filin idi biyu. Na shiga da ƙarfina, na sa ƙaramar giya mai ja da ƙafa huɗu, na taka totur. Haƙoran nan da nake taƙama da su suka kama haƙa, kowace taya tana tonon ramin kanta. Kafin in ce me, cikin Gimbiya ya zauna daram a kan yashi. Da shanun noma biyu aka jawo ni baya, mazan Tunga na turawa suna ɓoye dariya a hannun riga.

Surukina Malam Arzika yana cikinsu. Bai yi dariya ba. Da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, da hantsi

Ban fita ba. Na ce wa masu tambaya ciwon kai ne.

Asabar, 12 ga Maris, bayan magariba

Allah mai iko! Bari in rubuta tun abin yana da zafi.

Na ɗauki fasinjan Bungudu da safe, ƙusa ta huda mini tayar baya ta hagu wajen Furfuri. Na sa safaya, tsohuwar nan sudaddiya wadda ba ta da zane ko na rantsuwa, ga ta da facin Lawali da ke tsiyayar iska tun bara. Da na sauke mutane, zuciya ta ce in sake gwada gulbin. Na kafe, ba sai an faɗa ba. Na fito na zauna a yashi ina zagin wanda ya ƙera taya da wanda ya sayar da ita.

Ina cikin zagin ne idona ya kai. Sababbin nan uku sun nutse har wuya. Sudaddiyar kuwa, da iskarta ta ragu cikinta ya baje, tana zaune a kan yashi abinta, ko rabin tafin hannu ba ta shiga ba. Na bi sawun da na baro a baya da rarrafe kamar mai neman allura. Sawun sababbi kwari ne mai zurfi. Nata shimfiɗa ce mai faɗi, lumui.

Ashe yashi ba ya son a cije shi, so yake a kwanta masa. Na tashi na yi ihu ni kaɗai a tsakiyar gulbi, har wata mai tallan nono ta canza hanya.

Na gaya wa Lawali. Ya ce, "Ka gani ko? Shekara guda kana zagin facina, ashe ilimi na ab bisa tayarka ba ka sani ba."

Litinin, 14 ga Maris, da azahar

Na mayar da sababbin tayoyi na karɓo sudaddu masu faɗi. Tashar Gusau ba ta taɓa samun abin dariya irin na yau ba. Wani ɗan kamasho ya bi ni yana cewa a kai ni a yi mini turare, wani ya ce rabon da a ga wanda ya ba da doki ya karɓi jaki tun zamanin yunwa. Na bar su. Wanda bai kwana a gulbi ba, ai sai ya yi dariya.

Saura wili. Nawa sirara ne, faffaɗar taya ba ta zama a kansu da kyau. Lawali ya ji labarin wata motar masu aikin hanya da ta mutu a Tsafe.

Talata, bayan la'asar

Tsafe. Motar tana bayan wani gareji, kaji sun mai da ita gida. Wilinta huɗu lafiya lau, sun fi nawa faɗi da yatsu biyu, ramukan noti kuma suka dace da na Gimbiya kamar tare aka haife su. Na durƙusa ina kankare tsatsa, maigarejin na kallona yana tausaya mini. A Kwatarkwashi na tsaya na sha fura, na ji daɗinta kamar ban taɓa sha ba.

Halima ta je Tunga jiya. Ta dawo ta ce ƙafafu sun ɗan kumbura amma ana cin abinci. Ban tambaye ta ba, ita ta faɗa.

Alhamis, 17 ga Maris, bayan magariba

Na yi zari. Na ce tunda rage iska magani ne, bari in sha da yawa. Na sace ta har tayoyi suka kwanta kamar kwaɗi. Tafiya ta yi daɗi, na wuce inda shanu suka jawo ni, na wuce tsakiya, har ina waƙa. Da na hango gaɓar Tunga sai na taka totur don in shiga da kuri. Wili ya juya a cikin taya, ya tsinke bakin tif na gaba. Fuuu.

Na canza taya a rana tsaka, jak yana nutsewa, sai da na sa masa murfin akwatin kayan aiki a ƙasa. Amma na ga tsakiyar gulbi a bayana yau, ba a gabana ba. Wanda ya ce wannan ba ci gaba ba ne, ya zo ya gwada.

Juma'a, bayan an sauko

Ba ni da ma'aunin iska, na Lawali kuma ƙarya yake yi tun da mota ta taka shi. Sai na samo nawa. In danna bakin tif da tsinken ashana, in karanta Ƙulhuwallahu. Ƙafa bakwai, taya na nutsewa. Ƙafa ashirin, tif na tsinkewa. Gobe zan gwada goma sha ɗaya.

Lawali ya ce in bai yi aiki ba ko lada na samu.

Asabar, 19 ga Maris, da hantsi

NA HAYE.

Asabar ɗin dai, bayan isha'i

Ɗazu murna ce ta hana ni ƙarawa. Ga yadda aka yi.

Na isa bakin gulbi rana na fitowa, yashi da sauran sanyinsa. Ƙafa goma sha ɗaya kowace taya. Na sa giya ta biyu a ƙarama, na ɗora ƙafa a totur kamar mai taka ƙwai, na yi wa kaina alkawari uku: ba birki, ba canjin giya, ba murɗa sitiyari da ƙarfi. Gimbiya ta hau yashin nan tana lilo, tana tafiya, tana tafiya. Wajen hawan gaɓar Tunga ta ɗan yi nishi, na ce, "Haba 'yar gwanjo, kada ki ba ni kunya a garin surukai." Ta haye.

Yara da manya suka biyo ni a guje. Mota ba ta taɓa shiga Tungar Labbo ba tun da aka sari garin. Na bi ta tsakanin rumbuna a hankali na tsaya a ƙofar gidan Malam Arzika, dab da zaure, har inuwarsa ta rufe bonet. Ban yi oda ba. Na fito na durƙusa na gaishe shi. Ya zaga motar, ya danna taya da babban yatsa, ya ce, "Malam Ɗanlami, tayarka ta sace." Na ce, "Da gangan ne, Baba." Ya gyaɗa kai kamar ya gane.

Inno ta leƙo ta kan danga. Ba ta dube ni ba. Ta dubi wata kaza da ke tono a gindin rumbu ta ce mata, "Da sahe dai kowa jarumi na. A gani da rana tsaka, in yashi ya yi wuta."

Kazar ba ta amsa ba, ni ma haka. Amma an aiko mini da fura a sabuwar ƙwarya, kuma na san hannun da ya dama ta. Da yaji-yaji, yadda nake so. Na shanye ta tas. Na yi kewar Saude, iyakar gaskiya ke nan.

A dawowa na gane wata matsala. In na fito daga yashi dole in mayar da iska kafin in hau kwalta, in ba haka ba zafin titi ya fasa tayoyin kafin Gusau. Famfon hannu ne da ni. Taya huɗu, ni kaɗai, sai da kafaɗuna suka mutu.

Talata, 22 ga Maris, bayan la'asar

Na zama direban albasa. Mutanen Tunga suna da ita jibge a fadama, da jakuna suke fitarwa. Na ce zan riƙa kai musu Bungudu da Gusau. Da haka kullum ina garin, kuma ba wanda zai ce surukin Malam Arzika ya tare a gidan surukai ba kunya. Ina kwana a zauren limamin garin. Ba abin da ya kawo ni sai albasa.

Liman ya ce, "Ƙwarai kuwa, albasa." Ya ba ni tabarma mafi kyau.

Alhamis, da azahar

Inno ta yi gaskiya, ko da yake kaza ta gaya wa. Da rana yashi wani abu ne daban, ya saki jiki kamar gari. Na gwada da buhu shida, na kafe a hawan gaɓar Bungudu. Ban tona ba, na koyi wannan: da ka ji ta tsaya, ɗaga ƙafa. Na ja da baya a kan sawuna, na sake, na sake. A na uku ta fita.

Sau uku ya yi yawa. Ranar nan ba ni da sau uku.

Asabar, 26 ga Maris, da safe

Na cire kujerun baya na shimfiɗa katifa. Wai don kada albasa ta ƙuje.

Litinin, da la'asar

Na gano inda ya fi tauri, ta wajen da shanun Fulani ke bi su sha ruwa a rijiyar gulbi. Akwai ɗan zagaye amma ƙasan a dake yake. Na kakkafa karan dawa a hanyar don kada ido ya ruɗe ni. Da rana tsaka na haye da buhu takwas, sau ɗaya, ba ja da baya. Na fito na yi wa Gimbiya kirari har wani makiyayi ya tsaya yana saurare. Sudaddiya gagara yashi! Ta gwanjo mai kunyata sababbi!

Laraba, 30 ga Maris

Shiru.

Alhamis

Shiru. Na duba tif, na duba mai, na duba ruwan lagireto. Na sake dubawa.

Juma'a, bayan magariba

Liman ya ce in ci abinci. Ina jin tsoro. Na rubuta, tunda littafin nan ba ya da baki.

Lahadi, 3 ga Afrilu, da hantsi, a barandar asibitin Gusau

Jiya ne. Kuma da rana tsaka, kamar yashin ne ya zaɓi lokacin.

Ina ɗaure buhuna a fadama sai ga Malam Arzika da kansa, ba hula. Dattijon da ban taɓa ganin ya ɗaga ƙafa ba, yana sassarfa. Ya ce, "Malam Ɗanlami, a aje albasa." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Na watsar da buhunan nan a ƙasa. Na kai mota ƙofar gida, na juya baya ina kallon rumbu har mata suka gama shigar da ita. Inno ta shiga ta zauna a gefen katifa, Malam Arzika a gaba kusa da ni. Tayoyin a sace suke tun safe, na dai zaga na danna kowace da yatsa.

Muka gangara. Yashi na ƙyalli har ido ba ya buɗuwa. Daga bayan mota ina jin abin da ba zan rubuta ba, kuma duk sautin da ya fito ƙafata sai ta nemi ta danne totur. Wallahi ban taɓa yaƙi irin na jiya ba, kuma da ƙafata ta dama na yi shi. Na riƙe ta. Na bi karan dawa ɗaya bayan ɗaya, a hankali kamar mai rakiyar amarya. Malam Arzika ya ce, "Ba a ƙara wuta?" Na ce, "In an ƙara nan za mu kwana, Baba." Ban taɓa mayar masa da magana ba sai jiya.

A hawan gaɓar Bungudu ta yi nishin nan nata, ta rage, ta rage, har na ji tayar baya ta fara zamewa. Ban taka ba. Na ce, "Gimbiya, don Allah." Ta dafa, ta kama, ta fita.

Na tsaya a bakin kwalta na fizgo famfo. Na gama taya ɗaya, hannuwana suka ƙi. Malam Arzika ya karɓa, ya yi kaɗan numfashinsa ya sarƙe. Sai na ji an buɗe ƙofar baya. Inno ta sauko, ta ɗaure zane a ƙugu, ta ture mijinta gefe, ta taka gindin famfon da ƙafa biyu ta kama shi kamar taɓarya. Ta ce wa famfon, "Kai, in maza sun gaza, mu da daka munka tashi."

Ban taɓa ganin iska ta shiga taya haka ba. Tana bugawa, ni ina cire bututu ina mayarwa a ta gaba, ina ƙwanƙwasa taya in ji ko ta yi. Tsohuwar da ta yi shekara arba'in tana surfe, me famfo zai gaya mata? Uku ta cika, ba ta tsaya ta share gumi ba. Ta koma ciki ta ja ƙofa, ta ce wa ƙofar, "Yanzu kuma a yi gudu."

Na yi gudu. Tsakanin Bungudu da Gusau ban san na wuce Furfuri ba.

Sista ta tare mu a ƙofa da keken marasa lafiya. Ta duba, ta ɗago ta ce, "Kun zo da wuri. Haka ake so." Da wuri! Na juya na fita waje, na zauna a kan tayar gaba na rufe fuska da hula.

Lahadin dai, bayan azahar

Halima ta fito tana guɗa, har Sista ta kore ta waje. Biyu suka shiga lissafi wannan karon, babba da ƙarami, kuma biyun suna numfashi. Ɗayan ma da ƙarfi, ana jin sa har baranda.

Na yi kuka a gaban mutane. Ba na gogewa.

Talata, 5 ga Afrilu, bayan la'asar

Na shiga tasha. Labari ya riga ni. Ɗan kamashon nan mai cewa a yi mini turare shi ya fara zuwa, wai direban Maru na tambaya ko ƙafa nawa ake karantawa. Na ce ya je ya tambayi sababbin tayoyinsa. Daga baya na gaya masa, don ba a rowar hanyar asibiti.

Lawali yana ta gaya wa mutane facinsa ne ya yi komai. Ya ce in an tashi raɗa suna a tuna da shi. Na ce sai dai a sa wa safaya.

Alhamis, 7 ga Afrilu, da safe

An sallame su. Inno ta ce a Tunga za a yi wanka da suna, kuma wannan karon ba wanda ya yi gardama, tunda hanya ta samu. Ni na mai da su.

A bakin gulbi na tsaya zan rage iska. Na durƙusa a tayar baya da tsinken ashana ina karatu a hankali, sai na ji wata murya ta cikin mota tana bi na, ƙafa bayan ƙafa. Muryar Inno ce. Da muka kai goma sha ɗaya ta yi shiru, na koma taya ta gaba, ta sake ɗauka.

Muka haye lumui. A ƙofar gida mata suka shige da Saude, ta ɗan waigo ta gefen mayafi, na yi kamar ina duba madubi. Inno ce ta sauko a ƙarshe da abin a naɗe cikin zane. Na sunkuyar da kai ina jiran ta wuce. Ba ta wuce ba. Ta tsaya a gaban bonet, ta dafa shi da hannu ɗaya, ta ce:

"Ke mota, Allah shi yi miki albarka. Ki gaya ma mai ke, ya cika ɗa. Ki ce mai kuma shi ɗago kai shi ga abin da yaɗ ɗauko, ni bango nika kallo."

Ta juya fuskarta wajen bango, ta buɗe zanen.

Na ɗago. Kansa sul, ba gashi ko ɗaya, kamar tayoyina.